Ranar da Na Ɗora Motar Baba Sau Uku

Tun da bakin mutane ya ƙi mutuwa a kan maganar nan, gara in faɗe ta da kaina, kowa ya ji ta daga tushe. Shekara ashirin da uku ina ɗaukar matattun motoci. Wadda injinta ya buga, wadda ta faɗa kwalbati, wadda mai ita ya rufe ya manta da ita, duk na goya su na sauke lafiya. A gareji Injiniya ake ce mini. Gaskiya ni na fara kiran kaina haka, amma ai ba wanda ya hana. Yau kuma, saboda abin da bai kai minti biyar ba, in na gifta sai in ji ana raɗa, "Ga Mai Tukunya nan." Ni! Da furfurata!

Motar da nake ja ba tawa ba ce, ta yayan matata ce, wanda duk muke ce wa Yaya. Mutum ne mai daɗin zama idan yana barci. Gadon motar yakan zame ya sauko har ƙasa ya zama tudu. A can samansa akwai winci, injin nan da ke naɗe wayar ƙarfe ya jawo mota sama. In babu winci, da mai ɗaukar matattun motoci da ɗan kallo duk ɗaya ne.

To, wincin nan ya ƙone, kuma laifin mai askin layinmu ne. Akwai wani kututturen itace a ƙofar shagonsa. Rannan ina zaune yana gyara mini gashin baki, sai ya ce, "Injiniya, wannan abin naka ai na jan akwala ne kawai. Kututturen nan ya fi ƙarfinsa."

Me za ka ce wa mutum irin wannan? Na tashi da kumfa a fuska, na ɗaura waya, na danna. Kututturen yana nan har gobe. Wincin ne ya yi wani kuka, ya yi tusar hayaƙi mai warin ƙonannen gashi, ya yi shiru.

Na kwance shi a ɓoye na kai wa mai gyara, ya ce sai bayan mako uku. Matsalar ita ce Yaya kullum sai ya bi ta gaban motar, kuma idonsa ba ya wuce gurbi. Nan basira ta zo. Matata tana da wata babbar tukunya mai hannu biyu, wadda sai an yi baƙi da yawa take sauke ta. Na kife ta a gurbin wincin, na rufe da tampol, na ɗaure da igiya tsaf. Wallahi ko wanda ya ƙera wincin sai ya gaishe ta. Da Yaya ya gani har yaba mini ya yi.

"Yanzu ka fara hankali," in ji shi. "Kana rufe kayan aiki."

A gida kuwa matata ta birkice ɗakin girki tana neman tukunya. Zarginta ya sauka a kan matar tela, maƙwabciyarmu, wadda ta taɓa ara. Suka daina gaisawa. Ni ma ban zauna ba, na taya ta nema, har ƙarƙashin gado na leƙa. Wane miji ne zai yi fiye da haka?

Kwana goma sha biyu ina zaɓen aiki, sai motar da ke da sauran numfashi, wadda za ta hau da ƙafarta. Rana ta goma sha uku Yaya ya tare ni a bakin titi.

"Gobe Baba zai koma gidana," ya ce. "Ya rantse ba inda za shi sai da motarsa. Kai za ka ɗauko ta."

"Wace motar? Ta ƙarƙashin rumfa?"

"Yana da wata ne?"

Motar surukina ke nan, shuɗiya, shekara tara ba ta motsa ba. Kullum da safe sai ya goge ta da tsumma, ya yi mata magana, ya koma ciki.

"Ka saurare ni da kyau," Yaya ya ɗaga yatsa. "In ta ƙwarzane ko da faɗin farce, ko na ji wani shirme irin naka, makullin motata ya koma hannun Shiru. Na gaji."

Shiru wani direba ne da ke jan ƙaramar motar Yaya. A shekara bai fi ya yi magana sau shida ba, shi ya sa mutane ke zaton yana da hankali. Ya daɗe yana kallon babbar motar nan kamar mai kallon nama a wuta.

Na ce, "Yaya, ka ɗauka an gama."

Na tsaya ina kallon layinmu, sai Allah ya buɗe mini ido. Gidan Baba yana can saman layi. Daga ƙofarsa titi gangarowa yake yi sumul har gaban shagon mai aski, inda ƙasa ta daidaita, kusa da gidana. Shekara nawa ina hawan gangaren nan ina haki, ashe winci ne Allah ya ajiye mini kyauta! In ajiye motata a ƙasa, in sauke gado, in sako motar Baba daga sama. Gudun da ta kwaso shi zai haye da ita. In taka birki, a sa weji, a ɗaure. Shi ke nan.

Da safe na ajiye mota a gaban shagon aski, na sauke gado, na sa farar rigata. Yaya ya iso, Shiru na biye da shi kamar inuwa.

"Me ya sa ka tsaya a nan? Matsa ta ƙofar gida ka ja ta da winci mana."

Muka hau sama tare, ina yi masa bayani. Na tabbatar Baba yana ji kafin in ɗaga murya.

"Yaya, motar zamani ake ja da winci. Wannan baiwar Allah ta manyanta. In na saƙala mata ƙugiya a gaba na fizga, ƙirjinta zai iya biyo wayar ya bar sauran a nan. Dattijuwa irin wannan ba a sa mata igiya a wuya kamar akuya. Lallaɓa ta ake yi ta taka da kanta."

Baba ya buga sandarsa a ƙasa. "Ka ji magana! Ba mai sa mata ƙugiya ina raye. Mijin Auta, ashe kana da tunani?"

"Ɓoyewa nake yi, Baba."

Yaya ya dube ni, ya dubi mahaifinsa, ya matsa gefe.

Kafin a jima layi ya cika. Tela ya fito da tef a wuya. Matarsa ta tsaya a gefe ɗaya, matata a ɗaya gefen, kowacce tana kallon sama. Mai aski ya baro wani mutum da rabin kai a aske, shi ma mutumin ya biyo shi da zane a wuya. Da na ga taro ya yi taro, na ga bai kamata su tafi ba ilimi ba.

"Jama'a," na ce, "a sana'armu tambaya uku ake yi wa matacciyar mota kafin a taɓa ta. Tana gangarawa? Tana juyawa? Tana tsayawa? Wanda bai san wannan ba, ya je ya sayar da rake."

"Injiniya," in ji mai aski da wata murya mai zaƙi, "ni dai da na so in ga aikin wincin nan. Tun ranar kututture ban sake jin kukansa ba."

"Wane kututture?" Yaya ya juyo.

"Wani ne na taimaka masa da shawara a kai," na yi maza na ce. Na jawo mai askin gefe, na danƙa masa weji, katakon nan da ake cusawa bayan taya. "Kai ne mutum mafi muhimmanci yau. Ka tsaya gefen gado. Tana tsayawa a sama, ka cusa wannan bayan tayar baya. Kuma ka rufe bakinka."

Ya rungume katakon kamar an ba shi sarauta.

Tambaya ta farko: tana gangarawa? Tayoyi huɗu duk sun kwanta. Aka kira mai faci ya yi ta bugun famfo har jijiyar wuyansa ta fito. Uku suka tashi, ta huɗu ta tashi tana shewa a hankali. Ya ce in za mu yi, mu yi da sauri. Mutum shida suka dafa suka tura. Ko gezau. Suka ƙaru suka zama goma, tela ya zame ya zauna a kwata. Ko gezau.

"Tun ranar da na ajiye ta na ja birkin hannu," in ji Baba cikin alfahari. "Ban taɓa sakinsa ba."

Shekara tara! Birkin ya manne kamar an yi masa walda. Na shimfiɗa kwali don farar rigata, na shiga ƙarƙashi da filaya da guduma. Na datse wayar birkin hannun, na ba kowace taya guduma uku-uku. Aka ji ƙas! Mota ta yi numfashi ta matsa taku ɗaya, aka tare ta da dutse. Jama'a suka ɗau sowa.

Tambaya ta biyu: tana juyawa? Sai da makulli, don sitiyari a kulle yake. Makullin yana wuyan Baba a jikin zare, kuma ya ce ba ya barin jikinsa.

"Baba, aro kawai, minti biyu."

"Inda makulli ya je, nan nake zuwa."

Ya buɗe ƙofa ya zauna a kujerar gefen direba, ya miƙo wuya, na sa makullin a ramin yana rataye da shi. Sitiyari ya saki. Yaya ya yi ta roƙo, matata ta yi ta roƙo, Baba ya ɗora sanda a cinya ya kafe idonsa a titi.

"Da ni aka kawo ta gidan nan, da ni za ta fita."

Saura tambaya ta uku. Ina sane da ita sarai, kada wani ya ce na manta. Ƙafata har ta kama hanyar birki. Daidai lokacin ne wata mata daga cikin taro ta ce, "Kai, wannan mutum ya san aikinsa!" Ladabi ya sa dole na leƙo ta taga in ga ko wace ce, in ɗaga mata hannu. Mai faci kuma ya yi ihu cewa tayarsa na sauka. Sai kawai na ce, "A cire dutse!"

Aka cire.

Da farko tafiya ta yi daɗi. Mota na gangarawa a hankali, tana ƙiiƙii kamar tsohuwar ƙofa. Mun wuce gida biyu, na ga gudun ya fara yawa, na ce bari in ɗan rage. Na taka birki. Feda ta tafi har ƙasa ba gardama, ta kwanta, ba ta dawo ba. Man birkin ya bushe tun ina da baƙin gashi.

Na kai hannu birkin hannu, na tuna wanda ya datse shi. Na cafki sandar giya in jefa ta a lamba ɗaya, sandar ta biyo hannuna gaba ɗaya. Na dube ta, na ajiye wa Baba a cinya kusa da tasa.

"Mijin Auta," in ji Baba, "kamar muna sauri."

"Haka tsarin yake, Baba."

"Madalla. Ƙara mata wuta."

Kaji suka watse. Wani mai keke ya hau barandar mutane bai shirya ba. Shagon aski na ta girma a gabana. Amma ku tambayi duk wanda ya ga abin: na saita ta ko ban saita ba? Tayoyin nan suka hau gadon motata tsakiya-tsakiya, kamar da zare aka auna. Ta haye, ta haye, gudu na raguwa, ta je taku ɗaya kafin tampol ta tsaya cak.

Layi ya kaure da tafi. Na fito da hannu ta taga ina amsawa. Ina cikin amsawa na lura mai aski ma tafi yake yi, da hannu biyu. Wejin yana ƙasa tsakanin ƙafafunsa.

"Weji!" na ce. "Kai, weji!"

"Na'am?"

Mota ta fara komawa da baya.

Muka sauko daga gado da gudu, muka haye gangaren layi da baya, kai ka ce an tuna mantuwa a gida. Jama'ar da suka biyo mu a guje suna murna suka ga mun nufo su, suka juya. Tela ya sake komawa kwatar da ya fito. Mutumin nan mai rabin aski ya haye katanga, zanen na kaɗawa a bayansa. Muka kai wajen gida na huɗu, mota ta tsaya ta yi tunani, ta sake nufar ƙasa.

"Za mu sake?" in ji Baba. Ya buɗe gilashi ya fito da gwiwar hannu.

Hawa na biyu mun kai tsakiyar gado. Mai aski ya rugo da weji, ya ga taya ta nufo shi, ya jefa katakon daga nesa kamar mai jifan kare. Ya sami fitilar motata. Muka sake komawa.

A nan ne Yaya ya yi abin da ba wanda ya sa shi.

"Winci!" yake ihu. "In ta dawo a saƙala mata winci a riƙe ta! Shiru, jawo wayar!"

"Yaya, kar ka taɓa!" na ƙwala ta taga muna wucewa da baya. "Yana hutawa!"

Ina! Mutum mai tumbi irin nasa, ban san yana iya tsalle haka ba. Ya haye gado, ya fizge igiya, ya yaye tampol.

Rana ta haska gindin tukunya.

Wallahi ban taɓa jin layinmu ya yi tsit irin na lokacin ba. Ba abin da ake ji sai ƙiiƙiin motar Baba tana dawowa karo na uku. Ta ɗora tayoyin gaba a kan gado, ta yi kamar za ta gaisa, ta koma, ta yi gaba kaɗan, ta yi baya kaɗan, tayar mai faci ta ƙarasa sacewa, ta tsaya a gindin gado tamkar an ajiye ta da hannu.

Yaya ya kama hannun tukunyar ya ɗaga. Ya leƙa ƙarƙashi. Ƙusoshi huɗu ne kawai da gurbi.

"Mene ne wannan?"

Na fito, na gyara wuyan riga. "Yaya, kafin mu shiga wannan, ina so jama'a su shaida. Zagaya motar nan. Akwai ƙwarzane ko na faɗin farce?"

"Na ce mene ne wannan!"

"Murfi ne. Saboda ruwan sama."

"Murfin me? Ina abin da aka rufe?"

"Ai na faɗa, tun ranar kututture ban sake jin kukansa ba," mai aski ya sa baki, mutumin da ko weji bai iya sawa ba.

Sai na ji murya a bayana, a hankali, irin wadda na fi tsoro.

"Baban yara. Juyo da hannun tukunyar nan in gani."

Yaya ya juya mata. Ga wata lotsawa da ta sani sarai.

"Kwana goma sha uku," in ji matata. "Har ƙarƙashin gado ka leƙa."

"Don in kwantar miki da hankali ne."

Matar tela ta gyara ɗaurin zane ta matso tsakiyar fili. "A'a, ku bar ni in ga ɓarauniyar da kyau! Ashe gashin baki gare ta! Ni da aka daina amsa wa gaisuwa, ni da aka ce hannuna da ƙaiƙayi!"

"Yi haƙuri, 'yar'uwa," matata ta kama hannunta. Nan take suka shirya, suka haɗu suka fuskance ni. Ko wannan kaɗai ai abin a gode mini ne, amma wa ya tuna?

Yaya ya miƙo tafin hannu. Na duba aljihun dama, na duba na hagu, na yi tari, daga ƙarshe na sa masa makullin. Ya miƙa wa Shiru. Shiru ya dubi makulli, ya dubi tukunya, ya dube ni, ya buɗe baki ya kashe ɗaya daga cikin maganganunsa shida na bana.

"Sannu."

Ya je ya kawo ƙaramar motar, wadda ita ma tana da winci. Yana warware waya, sai sanda ta fito ta tagar shuɗiyar mota ta dakatar da shi. Duk mun manta Baba yana ciki. Fuskarsa sai sheƙi take, hular ta karkace, rabon da a ga haƙoransa haka tun motar na tashi.

"Kai," ya kira Yaya. "Gidan nan naka, akwai gangare?"

"Babu, Baba. Fili ne shimfiɗaɗɗe."

"To ba za ni ba."

"Baba!"

"Shekara tara ina goge ta, ba wanda ya ce mini za ta iya tafiya ba inji. Sai wannan yaron kirki. A mayar da ita sama. Gobe da la'asar za mu sake."

"Wa zai mayar da ita? Ka ce ba a sa mata ƙugiya."

Baba ya waiga, idonsa ya sauka a kaina cike da ƙauna.

"Ai Mijin Auta ba shi da aiki yanzu."

Yau mako biyar ke nan. An gyara wa motar Baba birki, Yaya ya tsaya a kan wannan. Wincin ma ya dawo, yana jikin babbar mota, Shiru na ja, ko tampol ba ya rufa masa, sakarai. Ni kuwa kullum la'asar nakan sauko da Baba, ya yi ta ɗaga wa mutane sanda, sannan in fito in sa kafaɗa in mayar da su sama shi da motar, don ba ya sauka. Mai aski yakan biyo mu da weji, yanzu da aka daina bukatarsa.

Saboda haka masu cewa an kore ni daga aiki su gyara zancensu. Har gobe matacciyar mota nake ɗauka. Abin da ya canza kawai, da ana biyana, kuma da ba ni ne wincin ba.